Ɗakin Marasa Biki

Yaran makarantar suna kiransa Baba Kacau, saboda tun kafin a gan shi ake jin ƙarar makullan da ke rataye a ƙugunsa. Makulli talatin da ɗaya ne a zoben, kuma ko ido a rufe ya san kowanne da ƙofarsa. Shekara goma sha tara yana buɗe makarantar nan da safe yana rufe ta da yamma. Shugabanni huɗu sun zo sun wuce a gabansa, kowanne da irin dabararsa.

Dabarar shugabar yanzu, wadda kowa ke kiranta Shugaba kawai, ita ce biki. Iyayen yaran addini biyu ne, kusan rabi da rabi. Sai ta ce maimakon a yi kamar ba a san da haka ba, makaranta za ta yi wa kowane ɓangare babban bikinsa sau ɗaya a shekara, a kafa rumfa a fili, a yi waƙoƙi, a raba alewa da lemo, kowa ya ga na ɗan'uwansa. An sha ja-in-ja a taron iyaye. Wasu suka ce ba waƙa suka kawo 'ya'yansu koya ba, wasu suka ce yaron da bai taɓa ganin bikin maƙwabcinsa ba shi ke girma yana tsoron maƙwabcin. Daga ƙarshe aka fito da takarda. Duk wanda bai yarda ba ya sa hannu, ranar biki a kai ɗansa ɗakin kwamfuta da ke can ƙarshen baranda, inda kiɗa ba ya kaiwa sosai, a bar masa malama guda. Yara suka raɗa wa wurin ɗakin marasa biki.

Mafi yawan yaran da ake kaiwa ɗakin sau ɗaya suke shiga a shekara, idan na wancan ɓangaren ya zo. Yarinya ɗaya ce ke shiga sau biyu. 'Yar aji biyu ce, shekararta bakwai, ga ta da tafiya a hankali da haɗe gira kamar mai tunanin abin da za a ci gobe, shi ya sa Baba Kacau ya sa mata 'Yar Tsohuwa. Kullum da safe sai ya tambaye ta ya jikokinta, ita kuma ta amsa ba ko murmushi cewa suna nan suna ba ta wahala. Ubanta mai walda ne, uwarta tana aiki a kantin magani. Addininsu daban, sun yi aure a haka, sun rabu a haka, yanzu ko a hanya suka haɗu kowa sai ya tuna yana da abin dubawa a wayarsa. Uban ya sa hannu kada a kai ta bikin su uwar, uwar ta sa hannu kada a kai ta bikin su uban. Shugaba ta duba takardun biyu ta ce ba ruwanta, ta bi su duka.

Ranar da abin ya faru, bikin su uwar ne, wanda kuma shi ne na Baba Kacau. Ita ce kuma ranar ƙarshe ta zangon karatu, daga nan sai hutun kwana goma sha biyu.

Tun da safe ba a bar shi ya tsaya a ƙofa ba. Kawo kujeru, Baba. Riƙe tsani, Baba. Lasifika ta ƙi magana, Baba. An wangale babbar ƙofa iyaye suna shiga suna fita kamar kasuwa, shi da ya saba ganin fuskar duk wanda ya ɗauki yaro, ranar bai ga ko ɗaya ba. Da aka watse wajen ƙarfe ɗaya, shi ya kwance rumfa, ya jera kujeru, ya share takardun alewa. Shugaba ta miƙa masa lemo biyu ta ce tana sauri, jirgi za ta bi, ya rufe ko'ina.

Yana da yadda yake rufewa, kuma bai taɓa canzawa ba. Kowace ƙofa sai ya buga ta da zoben makullai sau uku, ya leƙa, ya ce ko akwai mutum, sannan ya murza makulli. Haka ya yi a ɗakin marasa biki. Ya buga, ya leƙa, ya yi tambayarsa. Tebura a jere, kwamfutoci a lulluɓe da ƙyalle, fanka tana juyawa ita kaɗai. Ya yi tsaki ya kashe ta, ya ja ƙofar ƙarfen, ya murza makulli sau biyu. Ya je ya kashe babban makunnin wuta, ya rufe famfon ruwa, ya ɗana kwado a babbar ƙofa, ya saɓa jakarsa sai tasha. 'Yarsa ta haihu a wani gari mai nisan awa huɗu, can zai yi hutun.

Bas ta yi awa ɗaya da rabi tana tafiya, gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa, sai ya sa hannu a aljihu neman hankici. Hannunsa ya taɓa biskit.

Duk ranar biki yakan sayi biskit a kantin waje, da kuɗinsa, a cikin ledarsa ba a buɗe ba, don kada wani ya ce abincin biki aka ba yarinyar. Idan za ta fita ta ƙofa sai ya miƙa mata ya ce ta kai wa jikokinta. Yau bai ba ta ba, saboda yau bai ga fitarta ba.

Ya ce a ransa ai yau bai ga fitar kowa ba. Ya gyara zama. Amma fankar nan ta dawo masa. Wa ya bar ta a kunne? Malamar da aka sa ta zauna da su ya gan ta da idonsa a ƙarƙashin rumfa tun ƙarfe goma, tana ɗaura wa masu waƙa ɗamara. Sauran yaran ɗakin kuwa yawanci iyayensu ba sa ma kawo su ranar. Sannan ya ga wani abu da idonsa ya gani ɗazu amma kansa bai ɗauka ba: 'yar gorar ruwa mai jan murfi a kan teburin ƙarshe, kusa da bango. Yara suna manta gora kullum, yana da kwali guda na gororin da aka manta. Amma 'Yar Tsohuwa ba ta manta komai. Ita ce ke tuna masa idan ya bar tsintsiya a baranda.

Ya ji zufa tana bin bayansa duk da iskar da ke shigowa ta taga.

Ɗakin nan ya san shi. Saboda kwamfutoci, tagoginsa ƙanana ne can sama, da ƙarafa a jiki, gilashin kuma ba ya buɗuwa. Rufin kwano ne, da rana ko fanka tana aiki sai mutum ya jiƙe. Bayansa katanga ce mai tsawo, bayan katangar fili ne da ake jibge tsofaffin motoci. Ko mutum ya yini yana ihu babu mai ji. Ya kashe wuta, ya rufe ruwa. Kwana goma sha biyu.

Ya kira Shugaba, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe.

Yana da lambar uwar, don ta taɓa kawo masa maganin ciwon gwiwa. Ya daɗe yana kallon lambar kafin ya danna. Da ta ɗauka, bayanta duk hayaniyar baƙi ce da ƙarar kwanuka. Ya yi mata barka da biki da muryar da ya aro, ya ce ya kira ne ya gaishe da 'Yar Tsohuwa, yau bai samu ganinta ba. Uwar ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce ai makon farko na hutu na ubanta ne, haka aka tsara, ko ranar bikinta ba zai bar mata ita ba, shi dai ya ji daɗin ransa. Baba Kacau ya ce haka ne, Allah ya kyauta, ya kashe.

Saura uban. Lambarsa ma tana nan, don shi ya ƙera ƙofar ɗakin kwamfutar shekara uku da suka wuce. Baba Kacau yana tsaye ranar da ya kafa ta, ya buga ta da tafin hannu yana cewa ko ɓarayi goma suka zo sai dai su kwana su tafi.

Mai walda ya ɗauka ana jin ƙarar guduma. Baba Kacau ya ce masa babbar ƙofar makaranta ce take jan ƙasa, ko zai leƙo bayan hutu. Ya ce zai leƙo. Sannan, kamar abin da ya faɗo masa a baki, ya tambaya ko mutuniyar tasa ta iso gida lafiya.

Mai walda ya ce, "Wane gida, Baba? Ai yau bikinsu ne. Na san uwarta za ta riga ni zuwa ta ɗauke ta don ta ƙona min rai, shi ya sa ban ma ɓata man babur ɗina ba. Ta ci bikinta, gobe na aika a karɓo min 'yata."

Matar da ke kusa da Baba Kacau a bas ta juyo tana kallonsa, don ya damƙe zoben makullan har suna ƙara.

Ba yaro ba ne, ya san garin da yake zaune. Ya san yadda labari ke fita daga baki ɗaya ya isa baki na goma da ƙaho. Ba za a ce tsoho ya yi kuskure ba. Za a ce mutumin wancan addinin ya kulle 'yar mai walda a ɗaki ranar bikinsu saboda ta ƙi yin bikin. Ya taɓa ganin abin da bai kai wannan ba ya sa an rufe kasuwa kwana uku. Idan ya yi shiru ya sauka ya koma da kansa, makulli yana ƙugunsa, ya buɗe, ya lallashe ta, ya kai ta gida da wata 'yar ƙarya, wataƙila babu wanda zai ji. Amma komawar awa biyu ce, in ya samu mota. Mai walda kuwa daga shagonsa zuwa makaranta minti goma ne. Yarinyar ta riga ta yi awa uku a rufe babu fanka, a lokacin da rana ta fi zafi.

Mai walda yana ta cewa ko layin ya yanke ne.

Baba Kacau ya ce, "Ɗana, ajiye gudumar nan ka saurare ni. Yarinyar ba ta wurin uwarta, yanzu na kira ta. Ina jin tana ɗakin kwamfuta, kuma ni na kulle da hannuna. Makullin yana jikina, ni kuma ina kan hanya, na yi nisa. Ɗauki abin yankanka ka tafi. Abin da za ka yi min, ka bari sai ka fito da ita."

Ya ji an jefar da ƙarfe. Ya ji wata kalma da ba a maimaitawa. Layin ya mutu.

Ya kira uwar ya faɗa mata gaskiya a jimla biyu, bai jira amsarta ba. Ya miƙe yana buga jikin bas yana cewa a tsaya. Direba ya ce nan ba tasha ba ce, tsoho ya zauna kada ya faɗi. Baba Kacau ya ce in bai tsaya ba zai fita ta taga, kuma fuskarsa ta nuna zai yi. Aka sauke shi a gefen titi, babu gida babu rumfa, har jakarsa ya manta a cikin bas.

Motoci shida suka wuce shi. Ta bakwai, wata babbar mota ce mai ɗauke da buhunan siminti, direban ya ga tsoho a tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu sai ya taka birki yana zagi. Ya ɗauke shi. Motar tafiya take kamar ba ta so. Baba Kacau ya kira mai walda, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya kira uwar, ba a ɗauka. Ya yi ta kira har wayar ta yi zafi a hannunsa. Direban ya tambaye shi ko rasuwa aka yi, ya ce bai sani ba tukuna, daga nan direban ya ƙara wuta.

Abin da ya yi ta cin ransa a hanyar shi ne tambaya ɗaya. Ya buga ƙofa. Ya yi magana. Ta san muryarsa kamar yadda ta san ta uwarta. Me ya hana ta amsawa? Barci? Ƙarar makullansa tana tashin wanda ya sha magani. To in ba barci ba ne, tun kafin ya rufe wani abu ya same ta ke nan, tana kwance a bayan tebur shi kuma ya kashe mata fanka ya tafi. Da ya kai nan a tunaninsa sai ya leƙa da kansa ta taga yana hangen sauran hanya.

Rana ta yi ƙasa lokacin da aka sauke shi a bakin layin makarantar. Ya tsaya ya saurara. Yana jiran jin hayaniyar mutane, yana jiran ganin matasa da sanduna. Babu kowa sai mai gyaran taya yana haɗa kayansa. Wannan shirun ya fi ba shi tsoro. Ya nufi makarantar.

Kwadon babbar ƙofa yana ƙasa, an raba shi biyu. Babur yana kwance a tsakiyar fili inda aka kafa rumfa ɗazu. Warin ƙonannen ƙarfe ya cika baranda. A can ƙarshe, ƙofar da ɓarayi goma ba za su iya da ita ba tana kwance a ƙasa, an yanke ta ta wajen maratayanta, ga tukunyar gas a gefe.

Su uku ne a kan matakala. Uwar da kayan bikinta, ɗankwali ya zame, takalmi ƙafa ɗaya. Mai walda a ɗaya gefen, bayan hannunsa ya ƙone ya yi fari. 'Yar Tsohuwa tana tsakiyarsu, an jiƙa mata kai da riga, leɓɓanta sun bushe, tana riƙe da robar ruwa da hannu biyu tana sha a hankali yadda uwar ke ce mata.

Baba Kacau ya zauna a ƙasa nan inda yake, makullan suka yi ƙara. Yarinyar ta ɗago.

Mai walda ya miƙe ya nufo shi. Baba Kacau bai kare fuskarsa ba, ya dai cire hula ya riƙe. Mutumin ya tsaya a kansa yana numfashi. Sai tsohon ya leƙa ta gefensa ya tambayi yarinyar abin da ya taho da shi tun daga hanya.

"'Yar Tsohuwa, ba ki ji ni ba da na buga?"

Ta ce ta ji shi. Muryar a dishe take.

"To me ya sa kika yi shiru, uwata?"

Ta kalli ubanta, kamar mai neman a duba mata aikin gida. Ta ce, "Babana ya ce ranar bikin nan ko wa ya zo ya kira ni kada in amsa, kada in fito, ko da alewa ya zo. Wancan karon Mama ma haka ta ce. Da na ji makullanka sai na shiga ƙarƙashin tebur." Ta sha ruwa, ta sake juyawa ga ubanta. "Ai ban amsa ba, Baba. Ko kai da ka zo sai da na tambaya ko an gama."

Mai walda ya koma ya zauna a matakalar, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa, kafaɗunsa suna motsi. Uwar ta kalli gefe tana goge ido da bakin ɗankwali. Can ta buɗe jakarta ta ciro wani man shafawa, ta miƙa masa ta saman kan yarinyar ba tare da ta dube shi ba, ta ce ya shafa a hannun kafin ya tashi.

Baba Kacau ya laluba aljihu ya ciro biskit ɗin. Ya farfashe a cikin ledarsa. Ya ɗaga shi sama yadda su biyun za su gani, ya ce na kanti ne, ba a buɗe ba. Uban bai ɗago ba, uwar ta gyaɗa kai. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta ce jikokinta sun gode.

Labarin bai fita da ƙaho ba, don waɗanda za su sa masa ƙahon ba su da bakin magana. Amma Shugaba ta ji, kuma da aka dawo hutu ta kira taron iyaye a kan ko a ci gaba da biki ko a daina. Awa uku aka yi. Masu cewa a daina suka ce ga irinta nan, masu cewa a ci gaba suka ce ba biki ne ya kulle yarinya ba. Wani ya ce a kori tsohon. Mai walda, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ce duk mai son korar tsohon ya fara zuwa shagonsa su yi magana. Aka tashi ba a yanke komai ba, aka ce sai wani zaman.

Shugaba ta tare mai walda a baranda ta ce yaushe zai mayar mata da ƙofarta, ga kwamfutoci a buɗe. Ya ce ta kwashe kwamfutocin ta kai ofishinta, shi dai hannunsa bai warke ba. Ta nemi wani mai waldar, aka zo aka rasa inda ƙofar take. Baba Kacau ya taya su nema har bayan banɗaki, kamar bai san inda take ba.

Har yanzu idan zai rufe makaranta yana buga kowace ƙofa sau uku, amma ya daina tambaya daga bakin ƙofa. Shiga yake, ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ya leƙa ƙarƙashin kowane tebur, aji goma sha huɗu. Malamai suna ce masa Baba ai an watse tun ɗazu, ya ce ya sani. Wani lokaci yana cikin bas ko yana cin abinci sai hannunsa ya kai aljihu da sauri, zuciyarsa ta buga, sai ya ƙirga makullan kafin ta kwanta. Talatin ne yanzu, babu na ɗakin marasa biki.